Yadda Ake Ziyartar Kurmin Kuros Riba Daga Legas

Bahaushen da ke zaune a Agege ko Idi-Araba, wanda dajin da ya sani shi ne irin na Yankari inda ake hango giwa daga cikin mota, ya kamata ya sauya tunani kafin ya nufi Gandun Dajin Kuros Riba. Wannan kurmi ne mai duhu, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a Afirka, wanda gwamnatin tarayya ta mayar gandun ƙasa a 1991. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 4,000 ne, a ɓangarori biyu: Oban a kudu, wanda ya haɗa iyaka da gandun Korup na Kamaru, da Okwangwo a arewa.

Ka tsara tafiyar da rani, tsakanin Nuwamba da Maris, domin da damina hanyoyin kurmin laka ce zalla. Jirgi daga Ikeja zuwa Kalaba awa ɗaya ce da 'yan mintuna, mota kuwa yini guda ce cur. Daga Kalaba sai ka wuce Akamkpa, inda hedikwatar gandun take, ka karɓi izinin shiga, a haɗa ka da ma'aikacin da zai yi maka jagora. Kada ka kuskura ka shiga kai kaɗai, domin da zarar ka kutsa ƙarƙashin bishiyoyin, rana kan ɓace maka, gabas da yamma su zama ɗaya.

Ka sa takalmi mai rufe idon sawu da riga mai dogon hannu, ka cusa bakin wando cikin safa, saboda kwarkwasa kan ratsa hanya a jere, kuma wanda ya taka layinsu ba ya mantawa.

Abin da na fi so mai ziyara ya fahimta shi ne, a kurmi kunne ya fi ido aiki. Goggon birin Kuros Riba, wato gorila, wanda adadinsa a duniya bai kai 300 ba, yana ɓoye ne a tsaunukan yankin Okwangwo da maƙwabtansa, kuma masu bincike ma sau da yawa sheƙar da yake kwana a ciki kawai suke gani. Saboda haka ka fita da sassafe, ka rage magana, ka tsaya duk inda jagora ya tsaya. A haka za ka ji motsin birai a saman rassa, ka ga malam-buɗe-littafi kala-kala sun taru a kan damshin bakin rafi.

A hanyar dawowa za a yi maka tayin naman daji a bakin titi. Kada ka saya, domin cinikinsa ne ke tura mafarauta cikin gandun.