Ciwon Ƙugu da Ɗigon Fitsari: Kurakuran da Mata Suka Fi Yi

Wata uwa mai 'ya'ya shida daga Rigasa ta zo wajenmu a sashen gashin ƙashi da kukan ciwon ƙugu. Mun daɗe muna magana kafin ta sunkuyar da kai, ta kama gefen hijabinta tana murzawa, ta ce, "Likita, akwai kuma wani abu. In na yi tari ko atishawa, sai in ji ɗumi a jikina." Shekara huɗu ke nan tana sake tsarki da alwala, tana canja zane kafin kowace sallah, ko mai gidanta bai sani ba.

Wannan shirun shi ne kuskuren da ya fi damuna. Mata da yawa sun ɗauka ɗigon fitsari gadon haihuwa ne, sai haƙuri. Alhali tsoka ce ta yi rauni, tsoka kuwa ana horar da ita ta farfaɗo. A can ƙasan mara akwai wasu tsokoki da suka tallafe mafitsara da mahaifa da dubura, kamar yadda majanyi yake tallafe goyo. Juna biyu, doguwar naƙuda, haihuwa kusa da kusa, ƙiba da yawan yunƙuri a bayi duk suna sassauta su. Tare suke aiki da tsokokin ciki da na baya wajen riƙe gangar jiki, shi ya sa sau da yawa mace ɗaya take zuwa da kuka biyu. In kin faɗi ɗaya kin ɓoye ɗaya, rabin magani za ki samu.

Daga shiru sai rage shan ruwa. Mace za ta wuni da ƙishi a zafin Kaduna na watan Afrilu don kada ta ji kunya a gidan biki. Fitsarin sai ya yi kauri ya riƙa tsokanar mafitsara, bayan gida ya yi tauri, yunƙurin kuma ya ƙara raunana tsokokin nan. Ki sha ruwanki kaɗan-kaɗan cikin yini. Abin ragewa shi ne shayi mai kauri, kofi da lemon kwalba mai sinadarin kafin.

Sai atisayen da ake kira Kegel, sunan likitan mata ɗan Amurka Arnold Kegel da ya bayyana shi a 1948. Yawancin waɗanda suka ce mini sun gwada bai yi ba, in na ce su nuna mini, sai in ga an riƙe numfashi, an matse cinyoyi da ɗuwawu, wasu ma yunƙurawa suke yi ƙasa kamar mai naƙuda. Wannan ƙara ɓata lamarin yake yi. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwoyi, ki ɗora hannu a kan cikinki. Ki matse kamar mai hana tusa fita a cikin taro, sannan ki ja matsewar sama ta gaba. Ki ci gaba da numfashi, ki ƙirga daƙiƙa uku zuwa biyar, ki saki gaba ɗaya. Sakin nan yana da muhimmanci kamar matsewar. Aƙalla sau takwas a jere, sau uku a rana; ni kan ce wa mata su haɗa shi da bayan Asuba, Azahar da Isha'i don kada a manta. In kin ƙware, sai ki koma yi a zaune da tsaye, ki kuma saba matsewa kafin tari ko ɗaga kaya. Kada ki mayar da datse fitsari a tsakiyar yinsa atisayen kullum, yana iya hana mafitsara zazzagewa duka. Kuma a daina gajen haƙuri: wata uku ake so a yi ba fashi kafin a yanke hukunci, mako biyu bai isa ba.

Ta ɓangaren baya kuwa, kuskuren gama-gari shi ne kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a samun wata takamaimiyar cuta da ta jawo shi. Irin wannan ciwo motsi yake so. Kwana da kwanaki a gado sandarar da gaɓoɓi yake yi. A jagorar da hukumar ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon bayan da ya daɗe, ta hana dogaro da bel ɗin ɗaure ƙugu da magunguna masu bugarwa na dangin tiramadol. Ƙwayoyin kashe ciwo da ake saye a kemis a sha wata da watanni kuwa, ciki da ƙoda suke ci.

Ki dubi aikin gidanki da kyau. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne. Ki raba ta a bokiti biyu, ki tanƙwara gwiwa, ki jawo kayan kusa da jikinki, ki fitar da numfashi yayin ɗagawa. Ɗora bahon wanki a kan benci, ki samu tsintsiya mai doguwar sanda, ki riƙa miƙewa kina ɗan takawa tsakanin ayyuka. Tafiyar minti ashirin da yamma ta fi man zafi amfani.

Ana kuma rikita ɗigon fitsari da yoyon fitsari. In fitsari yana zuba dare da rana ba tsayawa tun bayan wahalalliyar naƙuda, wataƙila huda ce, tiyata take buƙata, kuma ana yin ta a Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Zariya. Atisaye ba ya ɗinke huda. Sauran kuwa, akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a nan cikin garin Kaduna, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. In kin fi sakewa da mace, ki tambaya.

Amma 'yar'uwa, in ciwon baya ya zo da mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi da wajen zama, ko ƙafafu suka fara rauni, ko fitsari ya ƙi fita, ko bayan gida ya fara kuɓucewa, kada ki jira gari ya waye, kada ki je wajen mai tausa. Jijiyoyin ƙarshen laka ne wataƙila suka danne, a tafi sashen gaggawa a wannan ranar.