Tsohuwar kwamfutar tebur da ke shan ƙura a zaure: ga abin da za ka yi da ita

Jama'a sallama. Akwai wani abu da ke ci mini rai a nan Garwa ta Kamaru, ka shiga gidan mutum ko wani tsohon siber da aka rufe sai ka tarar da akwatunan kwamfuta jibge a lungu, wani ma ya mayar da nasa kujera, daga ƙarshe a kira mai gwangwan ya auna a kilo ya ba da abin da bai kai kuɗin cefanen yini ba. Wallahi da yawansu lafiyarsu ƙalau, ƙura ce kawai ta shaƙe su da kuma Windows da ta yi musu nauyi.

Kafin komai ka cire wayar kuran, wato wutar lantarki, ka kwance murfin gefe, ka fita da ita tsakar gida. Ƙurar hunturunmu ba wasa ba ce, za ka ga ta yi kamar auduga a jikin fanka, ita ce ke hana iska shiga, shi ya sa a zafin Maris da Afrilu da muke haura digiri 40 na'urar ke mutuwa da kanta ana tsakar aiki. Ka sa busasshen burushi mai laushi, ko ka kai wa mai faci ya hura mata iska, amma ka riƙe fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa da ƙarfi har ta lalace. Sannan ka duba ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allon ciki, in kan wasu ya kumbura ko ya tsiyayar da wani abu ruwan ƙasa to sai mai gyaran rediyo ya canza su. Akwai kuma batir mai kama da kwabo, CR2032 sunansa, in ya mutu kullum agogo zai dinga komawa baya kuma shafukan intanet su ƙi buɗewa, irin wanda masu gyaran agogo ke sayarwa ne a kasuwa.

To yanzu sai ka san wace iri ce a hannunka. In Core 2 Duo ce ko Core i3 ta farko-farko, mai RAM (ma'ajin wucin gadi da take aiki da shi) giga 2 zuwa 4, kana da dukiya. In Pentium 4 ce gaskiya ba na ba da shawarar a kashe mata kuɗi, tana shan wuta sosai tana zafi, kuma mai ƙaramin sola ba zai ji daɗinta ba.

Maganar Windows kuwa, Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 ma an rufe nata a 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 tana neman wani abu da ake kira TPM 2.0 wanda tsofaffin nan ba su da shi. Saboda haka ka nemi kile USB mai giga 8, ka sauke Linux Mint na Xfce ko Lubuntu, manhajar da ke maye gurbin Windows, kyauta ne, ka sa shi a kilen da manhajar Rufus, ka tayar da kwamfutar daga nan. Za ka iya gwada shi tukuna ba tare da ka goge komai ba. Wajen girkawa ka zaɓi Faransanci da kibod AZERTY tunda shi hannunmu ya saba da shi, kuma a cikin saiti akwai tsarin kibod na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ. In na'urar tsohon samfurin 32-bit ce waɗannan biyun ba za su hau ba, antiX za ka nema. Kuma in da hali ka sa mata SSD, ma'ajin bayanai mai sauri, ko da na giga 120 ne, za ka rantse ba ita ba ce. Abu ɗaya don Allah, in daga wani ofis ko siber ta fito, ka goge tsohon hadis ɗin, wato faifan ajiyar bayanai (hard disk), gaba ɗaya kar ka tsaya leƙe-leƙe, akwai hotuna da takardun mutane a ciki, amana ce.

Aikin da na fi so a ba ta shi ne ɗakin karatu marar intanet, nan ne zuciyata take. Akwai manhaja mai suna Kiwix, tun 2007 aka fara ta, aikinta shi ne ta ɗauke Wikipedia sukutum ta zuba a fayil ɗaya da ake kira ZIM, sai ka yi ta bincike ba data ba rezo. Ka sauke ta Faransanci, ka ƙara ta Hausa da ta Larabci da ta Fulatanci, sannan Vikidia wadda aka rubuta don yara, da ƙamus ɗin Wiktionary. Ta Faransanci mai hotuna tana da nauyi, giga gommai ce, don haka ka ɗauki marar hotuna ko ka je inda ake da wifi mai ƙarfi ka sauke sau ɗaya, daga nan sai kwafa daga wannan kile zuwa wancan. Ka yi tunanin yaron da ke shirin jarrabawar BEPC ko Probatoire ko Bak, maimakon ya dinga roƙon wayar yayansa ana faɗa kan data, ga tebur ga allo babba ya zauna ya yi karatunsa, kuma ba TikTok da zai ja shi. In ka haɗa ta da tsohuwar ruta, na'urar raba wifi, ka kunna kiwix-serve, manhajar Kiwix mai raba fayilolin ga wasu na'urori, duk wayar da ta kama wifin gidan za ta buɗe wannan ɗakin karatu, har yaran maƙwabta su amfana. Ƙananan kuma a sa musu manhajar GCompris su koyi lissafi da riƙe linzamin kwamfuta.

Mai neman na cefane shi ma ba a bar shi ba, manhajar rubutu ta LibreOffice da firinta ɗaya sun isa ka buɗe teburin buga takardu kusa da lise, wato makarantar sakandare, katin biki, takardar neman aiki, rasit. Ko ka cika ta da karatun Alƙur'ani da tafsiri kana tura wa mutane a memori, manhajar VLC na buɗe kusan kowane irin fayil na sauti da bidiyo. Sai dai ka zaɓa mata aiki ɗaya, kar ka ɗora wa tsohuwa kayan da ya fi ƙarfinta, kuma ka nemi ondila, na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko da ƙarama ce saboda ɗaukewar kuran ba zato ita ce ke kashe hadis.

Wadda ta ƙi tashi duk da haka, ka zare RAM da hadis da akwatin wuta da fanka ka ajiye don gyaran wata, hadis ɗin ma ana sa shi a ɗan gida mai USB ya zama ma'aji. Amma tsohon allon nan mai ƙeya kar ka buɗe shi, yana riƙe wuta ko bayan an kashe, gilashinsa kuma akwai dalma a ciki. Wayoyin wutar ma kar a bar yara su ƙona su don neman jan ƙarfe, hayaƙin guba ne, a fere robar da wuƙa in dole sai an cire.