Yadda Kamfanin Talla Ta Waya Zai Samu Jerin “Kada A Kira Ni” Na Amurka

1. Ka yi rajista a telemarketing.donotcall.gov, shafin FTC, hukumar kasuwanci ta gwamnatin Amurka da ke riƙe da jerin lambobin mutanen da ba sa son kiran talla. Za a ba ka lambar asusu da ake kira SAN.

2. Ka zaɓi lambobin yankunan da za ka kira, wato alƙaluma ukun farko na lambar waya. Yankuna biyar na farko kyauta ne. A shekarar da ta fara 1 ga Oktoba 2024, an biya dala 80 kan kowane ƙarin yanki a shekara, iyakar jimillar dala 22,038. Farashin yakan sauya a watan Oktoba.

3. Ka sauke jerin, ka cire lambobinsa daga naka, aƙalla duk kwana 31, domin kullum sababbin mutane na shiga.

4. Nan ake yawan yin tuntuɓe. In kana kira a madadin kamfanoni uku, dole kowannensu ya mallaki SAN nasa, ya biya kuɗinsa. Haramun ne ku sayi ɗaya ku raba kuɗin, ko ka sayar da jerin. Tarar kira ɗaya tak na iya haura dala 50,000.

5. Wanda ya sayi kayanka cikin wata 18 da suka wuce kana iya kiransa ko da yana cikin jerin, amma da ya ce ka daina, ka daina.