Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin ruwan da ke bugun ginshiƙin gada

Tsaya a kan gada cikin watan Agusta ka leƙa ƙasa. Za ka ga ruwa ya yi tozo a gaban ginshiƙi, ya lotsa a bayansa. A nan idon yawancin ɗalibai yake tsayawa, kuskuren farko ke nan. Tozon nan ba abin a-zo-a-gani ba ne: in ruwa na gudun mita 2 a daƙiƙa, da kyar ya wuce santimita 20.

Ɓarnar a gindi take. Ruwan da ya bugi ginshiƙi yakan nutsa, ya naɗe gindinsa kamar kofaton doki, yana yashe rairayi. Ramin kan kai ninki biyu na faɗin ginshiƙin. Maganinsa, fandisho ya zarce wannan zurfi, a kuma jibge manyan duwatsu a kewaye.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne duba gada da rani kawai. Ambaliya na janyewa, rairayi ya koma ya cike ramin, ka zo ka tarar da ƙasa lafiya lau, alhali cikon ba ya riƙe komai. A auna lokacin da kogi ya cika. Irin wannan zaizaya ce ta kayar da gadar Schoharie a jihar New York ta Amurka a 1987, mutum 10 suka rasu.

Wasu kuma sun ɗauka in gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin bugunsa ma biyu ne. Huɗu ne. Sannan sai su yi lissafi da faɗin kankare zalla, su manta da karan dawa, kainuwa da ledojin da ke maƙalewa su ƙara wa ginshiƙi ƙiba. A riƙa kwashe su.

Akwai kuma guguwoyin ruwa da ke ɓallewa a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda masanin kimiyya von Kármán ya bayyana a 1911. Suna jijjiga ginshiƙi gefe da gefe. Na kankare bai cika damuwa ba, amma siririn bututun ƙarfe kan gaji ya tsage.

Mai gwaji da ƙaramin samfuri a ɗakin bincike, lambar Froude (ma'aunin da ke kwatanta gudun ruwa da zurfinsa) zai daidaita da ta kogin, ba gudun ruwa ba. In samfurin kashi 1 cikin 25 na girman ainihin gadar ne, a raba gudun kogin gida 5.