Yadda ake noman kofi mai daraja a kuma rage masa kafeyin

Mutane da yawa na son ƙamshin kofi, amma kofi ɗaya da yamma ya isa ya raba su da barci, wasu har gabansu ya riƙa bugawa. Sinadarin kafeyin ne ke jawo haka. Manomin da ke son yi wa irin waɗannan mutane kofi yana da hanya biyu: ko ya shuka irin da tun asali kafeyinsa kaɗan ne, ko ya kai ɗanyar ƙwayar masana'anta a cire mata. Jiƙo da shanya da suya ba sa rage shi yadda za a ce an rage, ko da wani ya yi maka wannan alkawari. Kuma kowace hanya ka bi, sai kofin ya yi kyau tun daga gona, domin a kasuwar duniya ba a kiran kofi na musamman sai ƙwararrun masu ɗanɗano sun ba shi maki 80 ko fiye cikin 100.

Mataki na farko: zaɓen iri

A nan ake yanke rabin hukuncin. Manyan nau'o'in kofi biyu ne, Robusta da Arabika. Robusta na ɗauke da kafeyin kusan kashi 2.2 cikin 100 na nauyin ƙwaya, Arabika kuwa wajen 1.2, saboda haka komawa Arabika kaɗai ya rage kusan rabi. Idan ana son ƙasa da haka, akwai Laurina, wani reshen Arabika da ya samo asali a tsibirin Reyuniyon da ke tekun Indiya, wanda kafeyinsa kusan rabin na Arabika ne, ga zaƙi ga rashin ɗaci. A shekarar 2004 masu bincike a Brazil suka sanar da samun bishiyoyi uku 'yan asalin Habasha da kusan ba su da kafeyin sam, a 2008 kuma aka bayyana wani kofin daji na Kamaru da ba shi da shi. Waɗannan biyun har yanzu sun fi zama kayan masu haɗa iri, ba na gonar kasuwa ba.

Ka sani cewa kafeyin na cikin makaman da bishiyar ke kare kanta da su daga ƙwari. Laurina ba ta da yawan 'ya'ya, kuma cutar tsatsar ganye na kama ta da sauri. Shawarata ita ce kada ka cika gona da ita a shekarar farko. Ware mata yanki ɗaya, ka ga yadda za ta yi, tunda Arabika sai ta kai shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara ba da amfanin kirki.

Mataki na biyu: gwajin ƙasa da wuri

Kafin dashe, ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban na gonar, ka kai ɗakin gwaji. Arabika na son ƙasa mai ɗan tsami, wajen 5.5 zuwa 6.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, da wuri mai sanyi, digiri 18 zuwa 22, abin da aka fi samu a kan tuddai. Sakamakon gwajin ne zai gaya maka takin da za ka sa. Bar itatuwan inuwa, domin 'ya'yan da suka nuna a hankali sun fi tara zaƙi.

Mataki na uku: tsinka da tsimawa

A tsinki jajaye kawai, da hannu, ko da za a zagaya gonar sau biyar. Akwai ƙaramin ma'aunin sukari da ake ɗiga masa ruwan 'ya'yan. Idan ya nuna wajen 20 ko sama, sun nuna. A zuba su cikin ruwa, a kwashe waɗanda suka taso a ware su gefe, ba su da kyau.

Bayan an ɓare ɓawon, ana barin ƙwayar ta tsimu don yauƙin jikinta ya saki, yawanci awa 12 zuwa 36, gwargwadon zafin gari. Da yawa a nan suke ɓata wahalar shekara guda. Kada ka dogara da agogo kaɗai. Auna tsamin duk bayan 'yan awoyi, idan ma'aunin pH ya sauko wajen 4.5 kuma ƙwayar ta fara kaushi a hannu, a wanke nan take. Aka ƙara jinkiri, warin ruɓa zai shiga, kuma ba ya fita. Rubuta ranar tsinka, awoyin tsimi da zafin ranar a littafi, domin da wannan rubutun ne za ka iya maimaita buhun da ya yi daɗi.

Mataki na huɗu: shanya

A baza a kan gadon raga da ke sama da ƙasa, ana juyawa, har danshi ya koma kashi 10 zuwa 12 cikin 100. Idan da injin busarwa ne, kada zafin ƙwayar ya wuce digiri 40.

Mataki na biyar: cire kafeyin

Wannan aikin masana'anta ne, kuma a kan ɗanyar ƙwaya ake yinsa kafin suya. Ludwig Roselius, ɗan kasuwar kofi na birnin Bremen a Jamus, ne ya fara shi don kasuwa a farkon ƙarni na 20, da sinadarin benzin, wanda aka daina amfani da shi saboda yana jawo ciwon daji. Yanzu ana turara ƙwayar ko a jiƙa ta har ta kumbura, sannan a janye kafeyin. Hanyar Swiss Water ta Kanada ruwa take amfani da shi, ruwan da aka riga aka cika da sinadaran ɗanɗanon kofi, don haka kafeyin ne kawai ke fita, gawayi na tace shi. A Kolombiya an fi amfani da sinadarin etil asetet da ake samu daga rake, wanda kan bar ɗan zaƙi kamar na 'ya'yan itace. Akwai kuma hanyar iskar kabon dayoksaid da aka matse sosai, wadda masanin kimiyya Kurt Zosel ya gano a Jamus. Tana da tsabta, sai dai injinanta na da tsada kuma ta fi dacewa da kaya mai yawa.

Tura kofinka mai kyau, kada ka tura ragowa, domin aikin cirewa na ɗan rage ƙamshi, mara kyau kuwa ƙara lalacewa yake yi. Riƙe samfuri kafin turawa, ka ɗanɗana shi tare da wanda ya dawo. Sannan a auna kafeyin a ɗakin gwaji kafin a rubuta komai a jikin leda: a ƙasashen Turai irin su Jamus, soyayyen kofi ba ya amsa sunan marar kafeyin sai abin da ya rage bai wuce kashi 0.1 cikin 100 ba. Laurina ba ta kai nan ba, don haka mai ƙarancin kafeyin za ka rubuta mata.

Wajen suya a sassauta wuta. Ƙwayar da aka cire wa kafeyin ta riga ta yi duhu, launinta na ruɗin ido, sai a bi ma'aunin zafi da ƙamshi.