Yadda ake lissafa kuɗin jona sabon gini da bututun ƙazanta a Oregon

'Yan uwa masu gini a jihar Oregon ta Amurka sun yi ta tambayata kan kuɗin nan da ake kira SDC (System Development Charge), wanda birni ke karɓa idan za a jona sabon gini da bututun ƙazanta. Ga yadda ake yi:

1. Karɓo jadawalin farashin birninku na bana. Hattara, birane da yawa kan sauya farashi ranar 1 ga Yuli.
2. Duba ma'aunin da suke bi: yawan gidaje, girman mitar ruwa, ko adadin bandaki da wuraren wanke-wanke.
3. Ƙirga naka daga zanen ginin. Gidan iyali ɗaya galibi ma'auni ɗaya ne.
4. Ninka adadin da farashin ma'auni ɗaya.
5. In da tsohon gini da ke jone da bututun a filin, nemi a cire maka rangwamensa. Nan ake tafka asara, don wasu ko tambaya ba sa yi.
6. Tanadi kuɗin kafin ranar karɓar izinin gini.