Yadda Ake Tantance Mai Aikin Lantarki Kafin a Ba Shi Wayarin Gida

Masu gini da dama sun tambaye ni yadda za su gane wanda doka ta yarda ya yi wayarin a Najeriya. Ga matakan:

1. Ka nemi ya nuna maka takardar ƙwarewa ta NEMSA, hukumar gwamnatin tarayya mai duba ingancin ayyukan lantarki, wadda doka ta ɗora wa alhakin tantance masu wannan aiki.
2. Ka gwada sunan da ke takardar da na katin shaidarsa.

Gargaɗi: A nan ake yawan yin kuskure, domin yaron shago kan zo da takardar maigidansa, alhali maigidan ba zai ko leƙa wurin aikin ba.

3. Ka duba ko wa'adin takardar bai ƙare ba.
4. Ka tambayi matakinsa a jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago. Mataki na 3 ne farko, na 1 ne ƙoli. Wannan kuwa ba ta maye gurbin takardar NEMSA.
5. Idan kana shakka, ka kai lambar takardar ofishin NEMSA mafi kusa.
6. Ku rubuta yarjejeniya da ta ambaci kaurin waya da aikin wayar kariya da ake binnewa a ƙasa (earthing) kafin ka biya kafin alƙalami.